Soyayyar kaza da kayan lambu a firiza, ba shinkafa ba tuwo: yaya kuke yi ba ta saki ruwa ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga masu ajiye abinci a firiza. Sai ƙarfe biyar nake tashi daga aiki, kafin in fita daga cunkoso in iso gida an kusa kiran magariba. Ga shi likita ya ce sugan Baban Ilham ya fara hawa, ya rage shinkafa da tuwo da taliya, musamman da dare. Shi ne na koma yi masa soyayyar kaza da kabeji da koren wake da tattasai, irin wadda ake juyawa a wuta mai ƙarfi cikin 'yan mintuna, kuma alhamdulillahi yana ci sosai. Yanke-yanken ne ke cinye min lokaci. Ranar Asabar na soya da yawa na raba a robobi na sa a firiza. Da na ɗumama ranar Talata sai kabejin ya saki ruwa, koren waken ya yi luguɓ, abin ya koma kamar miya. Don Allah wadda ta san hanya ta taimaka min.

Maman 'Yan Biyu:
Wa'alaikumussalam. Ina nan ina jiran amsa ni ma, matsalarmu ɗaya.

Ummu Sudais:
Wa'alaikumussalam warahmatullah. Allah ya ba maigida lafiya. 'Yar uwa, soyawar da kika yi kafin ki daskarar ita ce ta jawo. Kayan lambu ruwa ne cike da su. Idan ruwan nan ya daskare sai ya zama ƙanƙara a cikin jikin ganyen ya farfasa shi, da ya narke kuma ruwan ya tsiyayo waje. Ga shi kin riga kin dafa, kin kuma zo kin ɗumama, dahuwa biyu ke nan.

Ni abin da nake yi, aikin wuƙa kawai nake gamawa ranar Asabar, suya kuwa sai daren da za a ci. Ki sami tsokar kaza marar ƙashi, ƙirji ko cinya. Ki sa ta a firiza kamar minti talatin ta ɗan yi tauri, za ki ga ta fi daɗin yanka. Ki yanka ta siri-siri, kina datse zaren tsokar, kada ki bi tsawonsa, don in kin bi shi naman zai yi jijiya a baki. A kilo ɗaya nakan sa soya sos (baƙin ruwan ɗanɗano na waken soya da ake sayarwa a kwalba) cokali uku, man gyaɗa cokali biyu, ɗanyar citta da tafarnuwa jajjagaggu, sai masoro kaɗan. Ki cuɗa sosai, ki raba a ledoji masu zif, kowace leda daidai cin dare ɗaya. Ki baje naman a cikin ledar ya yi faɗi, kaurinsa kada ya wuce yatsa, ki matse iskar ta fita tas, ki rubuta kwanan wata a jiki. Kayan lambu kuma ledarsu daban, kada su haɗu da ɗanyen nama.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Ummu Sudais. To kayan lambun fa, ɗanyu zan zuba a leda?

Amaryar Jos:
Bari in shigo nan, don mu a nan kayan lambu ba sa yanke mana, idan na je Farin Gada da yawa nake kwasowa. Koren wake da karas ba a daskarar da su ɗanyu in za su daɗe, launinsu kan dushe, ɗanɗanon ya canza. Ki tafasa ruwa sosai, ki zuba koren wake minti uku, karas yankakke minti biyu. Ki tsame ki afka su cikin ruwan ƙanƙara nan take don dahuwar ta tsaya. Sai ki baza a kan tawul mai tsabta su bushe. Wannan bushewar ita mutane ke tsallakewa saboda sauri, kuma duk ruwan da kika bari a jikinsu shi za ki tarar a kasko. Idan sun bushe ki shimfiɗa a tire, ki sa a firiza su daskare ɗai-ɗai, sannan ki juye a leda. Ta haka ba sa dunƙulewa, kina iya ɗiban iya abin da kike so ki mayar da sauran.

Tattasai ja da kore da albasa ba sa buƙatar ruwan zafi, yankawa kawai ki shimfiɗa a tire.

Ummu Sudais:
Haka ne. Amma ni kabeji ba na sa shi a firiza sam. Ƙwallon kabeji da ba a yanka ba yana yin sati biyu a firji lafiya lau, kuma yanka shi bai fi minti biyu ba. Duk yadda aka yi da shi, in ya daskare ba ya dawowa da ƙaras-ƙaras ɗinsa.

Amaryar Jos:
Anti, ni kuwa ina sawa. Minti ɗaya da rabi a ruwan zafi, a matse shi da kyau. Na yarda ba ya kai sabo, amma ranar da na dawo a gajiye ko wuƙa ba na son gani.

Ummu Sudais:
To ƙanwata, kowa da abin da ya fi masa sauƙi. Maman Ilham dai kabejin ne ya ɓata mata tukunya, shi ya sa na ce ta fara da barinsa a firji.

Hajiya Babba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni tambayata biyu ce. Ta farko, magidanci ya wuni yana nema, ya dawo a ajiye masa ganye da 'yan yankan kaza, ya kwana a haka? Ta biyu ita ta fi damuna: ɗanyar kaza kuke cewa a ajiye sati guda, da wace wutar? Mu a unguwarmu sai a kwana biyu ba a kawo ba. A da idan an yi yanka soya nama muke yi ƙarau, ya bushe a cikin mai, ya yi makonni ba abin da ya same shi. Ina jin tsoron a je neman maganin suga a ɗauko ciwon ciki.

Maman 'Yan Biyu:
Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wutar ce ta hana ni farawa tun tuni.

Anti Sista:
Hajiya barka da dare, Allah ya ƙara girma. Maganarki ta wuta gaskiya ce, kuma ba a wasa da ita. Bari in faɗi abin da masana tsabtar abinci suka tsayar. Firiza ana so ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan wuta ta ɗauke, firizar da ke cike maƙil tana riƙe sanyinta kusan awa 48 matuƙar ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kusan awa 24. Firji kuwa awa huɗu ne kawai. A zafin bazara irin namu ni ba na ma jira a kai ƙarshen wannan lissafin. Don haka duk wurin da ya rage babu komai a firiza a cike shi da gorunan ruwa ko ruwan leda su daskare, su ne za su riƙe sanyin. A kuma hana yara buɗewa suna neman ruwan sanyi.

Idan wuta ta dawo ki duba naman. In har yanzu da ƙanƙara a jikinsa kuma yana da sanyi sosai, ana iya barinsa ya sake daskarewa ko a dafa a ranar. In ya narke gaba ɗaya har ya huce, ya yi fiye da awa biyu a haka, a zubar. Na san da ciwo, kaza ba arha take ba, amma ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗanyar kaza, irin su salmonela, ba sa wari. Hanci ba zai gaya miki ba.

Wani abu kuma game da ledar da Ummu Sudais ta ce a baje: saurin narkewarta shi ne amfaninta da daddare, shi ne kuma haɗarinta ranar da babu wuta. A jera su can ƙasan firiza tsakanin gorunan ƙanƙara, kada a ɗora su a sama kusa da murfi.

Ummu Sudais:
Wannan gaskiya ne Sista. Ni a ƙasa nake jera su, gorunan ruwa a kansu.

Amaryar Jos:
Akwai dabarar da nake yi idan zan yi tafiya. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora kwabo ko maɓalli a saman ƙanƙarar, ki bar shi a firiza. In kin dawo kin tarar da shi a ƙasan kofin, to komai ya narke ya sake daskarewa ba ki nan.

Hajiya Babba:
To madalla, yanzu na ji magana. Amma wadda ke unguwa irin tamu fa?

Anti Sista:
Hajiya, wadda wutarsu ba ta da tabbas kuma ba ta da sola ko janareta, shawarata kada ta tara ɗanyar kaza ta sati. Ta sayi ta kwana ɗaya ko biyu, don ko a firji mai aiki ɗanyar kaza ba ta wuce haka. Kayan lambun ta wanke ta tsane ta ajiye. Ko wannan kaɗai ya rage mata rabin aiki. Suyarku ta da kuwa tana aiki ne saboda an ƙone ruwan naman gaba ɗaya. Wannan tamu da ɗanshinta ake cin ta, shi ya sa ba ta jure zama a waje.

Maman Ilham:
Mu alhamdulillahi da ɗan dama-dama, akwai sola da ke riƙe firizar da rana. Hajiya, maganar ƙoshi kuwa ni ma na yi tunaninta. Da farko yakan ce bai ji ya ci abinci ba. Da na koma amfani da cinya maimakon ƙirji, na ƙara yawan kabejin, ina barbaɗa soyayyar gyaɗa a kai, wani lokacin in fasa ƙwai biyu a ciki, sai ya daina neman ƙari. Yara kuma nakan dafa musu shinkafarsu su ci da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Me ya sa ba za ki yi masa tuwon alkama ko na acca ba? Ai su aka ce masu suga su riƙa ci.

Anti Sista:
Wannan maganar ta yaɗu sosai, kuma ina ganin illarta a wurin aiki. Alkama da acca da dawa da gero duk hatsi ne, duk sitaci ne. Wanda ba a surfe ba ya fi dusa, yana ɗan jinkirta hawan suga, amma wanda ya zauna ya cinye malmala uku ta tuwon alkama sugansa zai hau. Yawan da aka ci shi ne magana. Ku duba bambancin: dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana da sitaci kusan giram 28, kabeji giram 100 kusan 6 ne, karas kusan 10, tsokar kaza kuwa babu ko kaɗan. Shi ya sa abincin Maman Ilham yake da ma'ana. Karas da albasa a sa daidai misali, kabeji da koren wake da koren tattasai da alayyafo su fi yawa.

Amma Maman Ilham, ina da tambaya mai muhimmanci. An ɗora shi a kan magani?

Maman Ilham:
Eh Anti, akwai ƙwaya da yake sha safe da yamma. Ban riƙe sunanta ba, sai na duba kwalin.

Anti Sista:
Don Allah ki duba yau. Idan metformin ne kaɗai, ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa sosai ba. Amma idan akwai irin su glibenclamide, ko yana allurar insulin, to janye sitacin dare gaba ɗaya ba tare da likita ya sani ba yana iya sa sugan ya faɗi cikin dare yana barci. Alamominsa rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, wani ma ya rikice. Likita cewa ya yi a rage, bai ce a daina ba. Ku koma ku gaya masa ainihin abin da yake ci da dare yanzu, ko zai gyara yawan maganin. In kuna da na'urar gwaji a gida ya riƙa dubawa kafin ya kwanta da kuma da safe, ku rubuta ku kai masa. A kuma ajiye sukari ko lemon kwalba mai zaƙi kusa da gado saboda ko-ta-kwana.

Maman Ilham:
Innalillahi, wannan ban san da shi ba. Na gode ƙwarai Anti, gobe in sha Allahu za mu kira asibitin.

Hajiya Babba:
Kun ga amfanin tambaya. Allah ya yi miki albarka Sista.

Ta Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Ni soya sos ɗin nan ne ban natsu da shi ba, na ji an ce da giya a ciki. Gaskiya ne?

Ummu Sudais:
Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Ana yin sa ne da waken soya da alkama da gishiri, a bar su su tsumu watanni. A wannan tsumuwar ne ɗan sinadarin barasa ke fitowa da kansa a wasu nau'o'in. Akwai kwalaben da ke ɗauke da tambarin halal, ni su nake nema in na shiga kanti.

Maman 'Yan Biyu:
Ai ba ya bugarwa, ko kin sha kwalba guda gishiri ne zai dame ki.

Ta Maraɗi:
Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba.

Shugabar Zaure:
'Yan uwa, hukuncin halas da haram a bar wa malamai, kowa ta tambayi wanda ta amince da iliminsa. Mu tsaya a kan girki. Wadda ke da madadinsa ta kawo.

Hajiya Babba:
Madadi ai yana cikin kicin ɗinku. Daddawa. Ki daka daddawar kalwa da citta da tafarnuwa da ɗan gishiri, ki kwaɓa da man gyaɗa, ki shafe naman da shi. Ɗanɗanon da kuke nema a kwalba, shi muke samu a daddawa tun kafin a haife ku.

Amaryar Jos:
Hajiya na taɓa yi, kuma ya yi daɗi ƙwarai. Sai dai a daka ta ta yi laushi sosai, don gutsattsarinta na saurin ƙonewa a wuta mai ƙarfi ya kawo ɗaci. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi rabin kilo. Nakan matsa lemon tsami kaɗan bayan na sauke. A wurin cuɗawa ba na sa lemon, don in nama ya daɗe a cikin tsami jikinsa yakan lalace. Kuma a ninka leda biyu, in ba haka ba har ƙanƙarar shan ruwa sai ta ɗauki ƙamshin daddawa.

Ta Maraɗi:
To wannan ta yi min. Daddawa ba ta yanke mana a nan.

Anti Sista:
Ni ma na fi son ta daddawar, saboda gishiri. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da gishirin da ya haura giram biyu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba kada ya kai giram 5 a wuni, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai suga kuma sau da yawa hawan jini na biye da shi. Wadda ta sa soya sos kada ta ƙara gishiri da dunƙule a kai. Sauran miyar kwalba masu kauri da zaƙi, irin su kecap da miyar barkono mai zaƙi, sukari ne a ciki, ku karanta bayan kwalbar kafin ku saya.

Maman Ilham:
Ummu Sudais, saura bayanin daren suyar. Daga firiza kai tsaye zan juye a kasko?

Ummu Sudais:
Kayan lambu eh, kaza a'a. Kafin ki fita aiki da safe ki sauko da leda ɗaya ki sa a firji a cikin kwano, a can ƙasa don kada ruwanta ya ɗiga kan wani abinci. In kin manta, ki tsoma ledar a rufe cikin ruwan sanyi, tunda a baje take cikin rabin awa ta saki. Kada ki bar ta a waje a kan teburin kicin tun safe, kuma ban da ruwan zafi.

Ki ɗora kasko mai faɗi, ki bari ya yi zafi sosai kafin ki zuba mai cokali ɗaya ko biyu. Ki tsiyaye ruwan da naman ya fitar, ki baza shi a kaskon kada wani ya hau kan wani. Ki ƙyale shi minti ɗaya zuwa biyu ba juyi har ƙasan ya yi ja, sannan ki juya. In kaskonki ƙarami ne ki soya sau biyu, don in kin cika shi zafin zai faɗi, naman ya koma dahuwa a ruwansa. Ki tsaga yanka mafi kauri ki duba, kada ki ga ja ko ruwan hoda a ciki. Mai ma'aunin zafin nama, digiri 74 ake nema. Ki kwashe a faranti mai tsabta, ba wanda ɗanyen ya taɓa ba.

Sai ki mayar da kaskon ya sake ɗaukar zafi, ki zuba koren wake da karas a daskarensu. In kin bari suka narke tukuna, ruwan nan da kike gudu zai dawo. Bayan minti biyu ki zuba tattasai da albasa da attaruhu, kabeji shi ne na ƙarshe, minti ɗaya ya ishe shi. Kada ki rufe kaskon ko sau ɗaya. Ki mayar da naman, ki juya, ki watsa lawashi, ki sauke. In kina da man riɗi ki ɗiga kaɗan bayan kin kashe wuta. Duka-duka ba ya wuce minti goma sha biyar.

Maman 'Yan Biyu:
Da kazar Hausa zai yiwu? Maigidana ba ya son ta gidan gona.

Ummu Sudais:
Kazar Hausa ba ta nuna a minti biyar, namanta na da ƙarfi. In dole ita za a ci, ki dafa ta da kayan ƙamshi ta yi laushi, ki zare tsokar, ki bari ta huce, ki daskarar a dafe. Da daddare sai ki zuba ta a ƙarshe ta yi zafi sosai har ciki tare da kayan lambun. Romon kuma ki raba a ƙananan robobi, cokali biyu ko uku a kasko ya fi kowace miyar kwalba.

Amaryar Jos:
Masu amfani da ƙirjin ta gidan gona kuma, in yana yi muku tauri, ku barbaɗa bekin soda rabin ƙaramin cokali a rabin kilo, ku bari minti goma sha biyar, ku ɗauraye ku tsane kafin ku sa kayan haɗi. Ku wanke wurin da sabulu bayan nan. Cinya ba ta buƙatar wannan.

Ta Maraɗi:
Kanwa ba za ta yi ba?

Amaryar Jos:
Aikinsu kusan ɗaya ne, amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan, da wuya ki auna daidai, kuma in ta yi yawa za ki ji ta a baki. Ni dai sodar na fi amincewa da ita.

Maman Ilham:
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri. Har tsawon wane lokaci ledojin za su iya zama? Kuma ana iya wanke su a sake amfani?

Ummu Sudais:
In firizar ba ta taɓa narkewa ba, naman zai yi wata biyu zuwa uku bai canza ɗanɗano ba, kayan lambu ma haka ko fiye. Amma da yanayin wutarmu ni ba na tara abin da ya wuce na sati biyu, kuma wadda ta riga shiga ita nake fara fitarwa, amfanin rubuta kwanan wata ke nan. Ledar kayan lambu ki wanke ki shanya ki sake amfani da ita. Wadda ɗanyar kaza ta zauna a ciki kuwa ki jefar. In tsadar ledar ce damuwa, ki fara ƙulla naman a farar leda ta abinci, sannan ki saka a mai zif ɗin, ta cikin kawai za ki yar.